Daga duwatsun Birnin Kudu zuwa madannai 16: Yadda ake kaɗa na'urar samfula

Da zarar an gama girbi, gero da dawa sun shiga rumbu, an sayar da riɗi kuɗi sun shigo hannu, sai kakar bukukuwa ta kama a Gwaram da kewayenta. Daga Sara zuwa Basirka, daga Fagam zuwa Farin Dutse, da wuya mako ya wuce ba ka jiyo sifika na tashi daga wata unguwa ba. A shekarun baya wanda ake jira a irin wannan taro shi ne makaɗi da kalangunsa a hammata. Yau kuwa DJ ake jira, da janaretonsa da memorinsa.

Akwai abu guda da aka rasa a wannan canji, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ko dandalin 'yan mata ya san shi. Makaɗi yana kallon ƙafar mai rawa. Idan ya ga jiki ya yi sanyi sai ya ƙara wuta, idan wani babba ya shigo sai ya juya gula ya kaɗa masa takensa, idan aka kira sallah sai ya dafe fatar ganga nan take. Waƙar da aka kunna daga memori ba ta ganin kowa. Yadda aka naɗe ta a Kano haka za ta tafi har ƙarshe, ko fili ya cika ko ya watse.

Akwai wata na'ura da ke zaune a tsakanin waɗannan biyun, wadda ya kamata matasan da ke sha'awar harkar sauti su sani, ko don biki, ko don wasan kwaikwayo na makaranta, ko don aikin rediyo. Sunanta samfula.

Mece ce samfula?

Sunan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Idan ka je kasuwa sayen atamfa aka nuna maka samfur, ɗan yanki aka nuna maka daga cikin babban abu. To haka samfula take: akwati ce da ke ɗaukar ɗan yankin sauti, ta adana shi, ta ɗora shi a kan wani madanni na roba. Duk lokacin da ka buga madannin da yatsa, sautin zai fito. Yana iya zama bugun ganga guda ɗaya, ko guɗar mata, ko carar zakara, ko jimla guda daga bakin mai gabatarwa.

Ɗaya daga cikin na farkon irin waɗannan na'urori da suka shiga kasuwa ita ce wata da ta fito a 1979 mai suna Fairlight CMI da aka ƙera a Ostireliya, wadda tsadarta ta sa sai manyan situdiyo ke iya mallakarta. A 1987 kamfanin E-mu ya fitar da SP-1200, wadda duk cikinta sakan 10 kacal na sauti take ɗauka. Shekara guda bayan nan, a 1988, kamfanin Akai na Japan tare da wani injiniya Ba'amurke mai suna Roger Linn suka fito da MPC60, mai madannai 16 a jere huɗu-huɗu, tana ɗaukar kimanin sakan 13. Wannan jeri na huɗu-huɗu shi ne ya zama abin koyi har yau. Kamfanin Roland kuma ya fitar da SP-404 a 2005, sannan a 2021 ya sabunta ta da SP-404MKII, wadda ke da madannai 16 da rumbuna 10, wato sauti 160 ke nan a cikin aiki guda, kuma tana iya fitar da muryoyi 32 a lokaci ɗaya.

Abin lura shi ne, da waɗancan sakan 10 da 13 aka gina wani babban ɓangare na kiɗan hip-hop a Amurka. Ke nan ba girman cikin na'ura ne ya yi aikin ba, hannun da ke kanta ne.

Mutanen Birnin Kudu sun riga Akai

Tunanin a jera wuraren bugu daban-daban a gaban mutum guda, kowanne da muryarsa, tsoho ne ƙwarai a wannan yanki namu. A duwatsun Birnin Kudu, inda ake da zane-zanen shanu na mutanen dā a wurare irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai wasu fale-falen duwatsu da idan aka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar ƙarfe. A jikinsu akwai ƙananan ramuka da yawan bugu ya sassaƙa tsawon zamani, kuma ba kowane gurbi ne ke ba da murya iri ɗaya da ɗan uwansa ba. A watan Yunin 1955 ne Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya lura da su, ya kuma wallafa bayaninsu a 1956. Daga nan ne masana suka shiga neman irinsu a wasu sassan Afirka.

Wanda ya zauna a gaban wancan dutse ba ya iya canza muryar da Allah Ya ba dutsen. Gwanintarsa tana cikin sanin gurbin da zai buga, da lokacin da zai buga, da ƙarfin da zai sa. Wannan shi ne ainihin aikin mai kaɗa samfula. Sautin yana nan a daskare a ƙarƙashin madanni, abin da ya rage shi ne yadda za a sake shi.

Hanyoyi huɗu da madanni ke amsa yatsa

Kafin komai, kowane madanni sai an gaya masa yadda zai yi idan an taɓa shi. Mafi yawan samfuloli suna da hanyoyi huɗu.

Ta farko ita ce bugu-ɗaya. Ka taɓa ka ɗauke hannu, sautin zai tafi da kansa daga farko har ƙarshe. Wannan ya dace da gajerun sautuka: bugun ganga, tafi, rufe ƙofa, ƙarar tsawa. Matsalarsa ita ce idan ka sa wa dogon sauti, misali jawabin maraba na sakan 40, ka kuma taɓa shi bisa kuskure, to sai ya gama zai yi shiru, sai dai in ka san hanyar kashe shi.

Ta biyu ita ce get, wato ƙofa. Muddin yatsanka na kan madanni ƙofa a buɗe take, sauti na fita. Kana ɗagawa ta rufe. Wannan ita ce hanyar da ta fi kusa da busa. Mai algaita ko sarewa yana tsayawa ne lokacin da ya ga dama, to haka ma idan ka sa dogon amon sarewa a kan get, yatsanka ne ya zama numfashi. Da get ne kuma ake yanka kalma. Idan sautin yana cewa "amarya", ka taɓa sau biyu a gajarce sannan ka riƙe a na uku, za a ji "am-am-amarya".

Ta uku ita ce luf, wato zagaye. Sautin na kaiwa ƙarshe sai ya koma farko, ba tsayawa, har sai ka sake taɓa shi. A kan wannan ake ɗora kiɗan ƙasa wanda sauran za su hau. Luf ba ya yafe kuskure. Idan yankan ya wuce da ɗan kaɗan ko ya gaza, duk zagaye sai an ji kiɗan ya yi tuntuɓe, kuma ƙafar mai rawa za ta riga kunnenka ganewa. Lissafin ba wuya. Ana auna saurin kiɗa da yawan bugu a minti guda. Idan kiɗa na tafiya bugu 120 a minti, kowane bugu rabin sakan ne, bugu huɗu kuma sakan biyu cif. Saboda haka luf mai bugu takwas a wannan sauri dole ya zama sakan huɗu, ba ƙari ba ragi. Ka fara yankan daidai kan goshin bugun farko, ka tsaya gab da bugun da zai zama na tara.

Ta huɗu ita ce ribas, kamar dai na mota. Sautin zai taho daga ƙarshe zuwa farko. Bugun kuge, wanda ke farawa da ƙarfi ya mutu a hankali, idan aka yi masa ribas sai ya taso a hankali ya yanke farat ɗaya, kamar iska ta taso gabanin hadari. Masu wasan kwaikwayo za su ji daɗinsa wajen nuna mafarki ko shigowar aljani.

Ana iya haɗa waɗannan. Luf tare da get yana nufin kiɗan zai yi ta zagaye muddin kana riƙe da shi. Idan kuma hannun yana da wani aikin, akwai maɓallin riƙo, wanda zai tsaya a madadin yatsanka har ka dawo.

Abubuwa uku da ke raba makaɗi da mai dannawa

Na farko nauyin yatsa. Madannan MPC da na SP-404MKII suna jin ƙarfin bugu, kuma sun raba shi mataki 127. Ka shafa a hankali sauti ya fito a hankali, ka doka ya fito da ƙarfi. Akwai maɓallin da ke kashe wannan ya sa kowane bugu ya fito da cikakken ƙarfi, kuma masu koyo suna son sa saboda yana ɓoye rawar hannu. Amma ka saurari mai kiɗan ƙwarya a wajen amada, ko mai gangar noma a gayya. Tsakanin manyan bugu akwai ƙanana da kusan ba a ji, kuma su ne gishirin kiɗan. Idan aka mayar da kowane bugu daidai da ɗan uwansa, abin da zai fito ya fi kama da injin markaɗe. Cikakken ƙarfi yana da wurinsa, wato a kan sanarwa da sautukan wasan kwaikwayo da ake so kowa ya ji. A kan ganga kuwa, a bar yatsa ya koyi aikinsa.

Na biyu rukunin kashe-juna. Mai kalangu gula ɗaya gare shi da fata ɗaya da yake bugu. Ba zai yiwu bugunsa na sama da na ƙasa su yi amo tare ba, sabon bugu yana kashe tsohon. Ita na'ura ba ta san haka ba. Idan ka ɗora muryoyin kalangu huɗu a madannai huɗu, za ta bar su duka su hau kan juna, a ji kamar makaɗa huɗu ne ke gardama. Maganin shi ne a sa su a rukuni ɗaya, ta yadda duk wanda aka taɓa zai rufe bakin na baya. Wannan dabara tana da amfani na biyu. Idan kana da luf mai sanyi na shigowar amarya da luf mai zafi na rawar ƙawaye, ka sa su a rukuni guda. Taɓa na biyun kaɗai ya isa ya kashe na farko, ba sai ka yi amfani da hannu biyu ba, kuma ba za a sami shiru ko cakuɗa a tsakani ba.

Na uku rol, wato maimaici. Ka riƙe maɓallinsa tare da madanni, na'ura za ta yi ta maimaita bugun daidai da saurin kiɗan, sau biyu ko huɗu ko takwas a kowane bugu, gwargwadon yadda ka saita. A MPC idan ka ƙara danna yatsa ƙarfin maimaicin yana ƙaruwa, idan ka sassauta ya ragu. Da shi ake tayar da fili kafin a juya kiɗa. Sai dai yaji ne, ba tuwo ba. Wanda ke jan rol kowane sakan goma zai gaji da mutane kafin amarya ta iso.

Bayan waɗannan akwai mamurɗai guda uku a saman SP-404 da ake sarrafa ado da su. Mafi amfani a fili shi ne filta, wanda ke dusashe kaifin sauti a ji kamar daga bayan katanga yake fitowa. Lokacin da mai gabatarwa zai yi magana, maimakon a kashe kiɗa, sai a murɗa filta a rage ƙara kaɗan. Kiɗa na nan a ƙasa, magana ta fito sarai, yana gamawa a buɗe.

Inda kalangu ke ba na'ura wahala

Waɗannan na'urori ba don kiɗanmu aka ƙera su ba, kuma akwai wurare biyu da hakan ke fitowa fili.

Na farko shi ne kalangu magana yake yi. Hausa harshe ne mai karin sauti. Wuya na jiki da wuya ta wahala haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya ne suka raba su: na farko daga sama yake saukowa, ta biyun daga ƙasa take hawa. Mai kalangu yana matse igiyoyin da hammatarsa murya ta hau, ya sassauta ta sauka, da haka yake bin karin kalmomi har mai sauraro ya gane take ko kirarin da ake kaɗawa. Samfula tana da hanyar da za ta ɗauki bugu guda ta baje shi a kan madannai 16, kowanne ya ɗara na baya tsayin murya. Wannan yana da kyau ga gurmi ko molo. Ga kalangu kuwa bai isa ba, domin muryarsa zamewa take yi daga wani mataki zuwa wani a cikin bugu guda, ba tsalle take yi ba. Don haka a ɗauki aƙalla iri huɗu daga hannun makaɗin kansa: na sama, na ƙasa, mai hawa da mai sauka. Idan kuwa take ne, a ɗauke shi ɗungurungum a madanni ɗaya, kada a daddatsa shi. Kuma kada a kuskura a yi masa ribas, domin abin da ya sauko zai koma yana hawa, wuyan jiki ya zama wuyar wahala.

Haka nan a kula da dangantakar sauri da murya. Iyayenmu da suka yi zamanin kaset sun san idan batir ya yi sanyi, waƙa tana jan ƙafa kuma muryar mawaƙi ta yi kauri. Haka samfula take a asalinta: ka ninka sauri, murya ta haye mataki 12, namiji ya koma kamar yaro. Sabbin na'urori suna iya raba biyun, su canza sauri su bar murya a inda take, amma idan aka ja da nisa sautin yana yin tsami. Gara a naɗi kiɗan tun farko a kusa da saurin da za a yi amfani da shi.

Na biyu shi ne tafiyar kiɗan. Samfula tana da sashen da ke naɗar bugun yatsunka ya maimaita maka, kuma tana da mai daidaitawa da ke jan kowane bugu zuwa layi mafi kusa. Daga kamfani wannan layi a rabe yake biyu-biyu da huɗu-huɗu. Da yawa daga cikin kiɗe-kiɗenmu kuwa, har da waƙoƙin nanaye masu yawa, tafiyar uku-uku suke yi. Idan ka buga kiɗa mai uku-uku a kan layin huɗu-huɗu, na'ura za ta "gyara" maka shi, ya dawo yana ɗingishi, kai kuma kana zargin hannunka. Ka shiga saitin ka zaɓi lambar da ke da harafin T ko lamba 3 a gefenta. Ko kuma ka kashe mai daidaitawar baki ɗaya. Marigayi J Dilla na birnin Detroit, wanda ya rasu a 2006, ya yi suna ne da barin bugunsa yadda hannu ya saka shi, ɗan gaba ko ɗan baya da layi, kuma yau na'urarsa MPC3000 tana ajiye a gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka da ke birnin Washington. Abin da ake yaba masa a kai, makaɗanmu sun daɗe suna yi ba tare da wani ya rubuta ba.

Ranar taro

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai fita da samfula gaban jama'a ya jera madannansa tun a gida, kuma ya riƙe jeri ɗaya a kowane rumbu har yatsu su haddace. Misali, layin ƙasa ya zama na ganga, na biyu na kalangu, na uku na tafi da shantu da guɗa, na sama kuma na luf da sanarwa. Idan guɗa tana kusurwar dama a rumbun farko, to ta kasance a kusurwar dama a duk sauran. Da dare a fili ba wanda ke da lokacin karanta allo.

Ga 'yan kulob ɗin wasan kwaikwayo na makaranta, kowane rumbu ya zama fitowa guda. Fitowar farko a ƙauye: zakara, kukan jaki da daka a kan bugu-ɗaya, kukan tsuntsaye a kan luf. Fitowa ta biyu a tasha: hon, tashin babur, hayaniyar kasuwa. Mai riƙe da na'urar ya zauna inda yake ganin fuskokin 'yan wasa, da takardar wasan a gabansa, ya yi alama a kan kalmar da zai danna. Ƙarar mari da ta zo bayan hannu ya riga ya sauka dariya take jawowa, ko da a wurin kuka ne.

A daidaita ƙarar kowane madanni da na maƙwabcinsa tun kafin a fita, don kada tsawa ta fasa sifika alhali sanarwa ba a jin ta. Idan alamar ƙara tana taɓa ja, an wuce gona da iri, a rage daga na'urar a ƙara daga amfilifaya. SP-404 tana aiki da ƙananan batura guda shida, sabuwar kuma tana karɓar wuta daga fawa-bankin waya, wanda ba ƙaramin abu ba ne a inda wuta ba ta da tabbas kuma janareto kan yi tari a tsakiyar taro. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin madannai ta kashe musu ji, don haka a rufe ta da ƙyalle idan ba a aiki. A kuma kwafe duk sautuka a katin memori na biyu a bar shi a gida.

Sai abu mafi muhimmanci: ka san yadda ake kashe komai a bugu guda. A SP-404 danna maɓallin sokewa sau huɗu da sauri yana tsayar da duk abin da ke tashi. Kowace na'ura tana da nata. Ka koye shi kafin ka koyi rol. Dattawa da malamai a garuruwanmu sun sha kokawa kan masu sauti da ba su san lokacin yin shiru ba, kuma ranar da ladan ya ɗaga murya kai kana lalube a cikin luf uku, ba wanda zai tuna da gwanintar da ka nuna kafin nan.

Sautin wa za ka ɗauka?

Abu mafi sauƙi shi ne ka yanko daga waƙar wani. Muryar Mamman Shata, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, ko amadar Barmani Choge, duk suna cikin wayoyinmu. Amma rasuwar mawaƙi ba ta mayar da aikinsa na kowa ba, yana da magada. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare sautin da aka naɗa, ta kare mai wasan da aka naɗa, har ma da fasahar gargajiya ta al'umma. A Amurka tun 1991 wata kotu a New York ta yanke hukunci a kan mawaƙi Biz Markie saboda ya yanki waƙar Gilbert O'Sullivan ba da izini ba, har aka janye faifansa daga kasuwa. Ko ba don doka ba, kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma sautukan da ko an ba ka ba a ko'ina ake sakin su ba. Gwaram da Birnin Kudu suna ƙarƙashin Masarautar Dutse, kuma kowa ya san tambari da kakaki na sarauta ne, ba a buga wa kowa. Don suna ƙarƙashin yatsanka ba ya nufin ka saka wa abokinka ango don raha. Taken wani gida ko wata sana'a ma haka. Karatun Alƙur'ani da kiran sallah kuwa ba su da wurin zama a kan madannin kiɗa, wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Hanya mafi kyau tana kusa da gida. Har yanzu akwai masu kalangu da ke bin mahauta da 'yan dambe, akwai masu gangar noma, akwai iyaye mata da suka iya shantu da ƙwarya. Da yawansu zuwan DJ ya rage musu samu. Ka je ka gaishe su yadda ya kamata, ka faɗa musu gaskiyar abin da za ka yi da sautin, ku yi ciniki, ka biya. Ka naɗa a ɗaki mai labule da katifa don kada bango ya mayar da amo, nesa da janareto. Ka rubuta sunan makaɗi da garinsa da sunan kiɗan a kan kowane sauti. Idan kuma aka ba ka aikin biki mai ɗan maiƙo, ka tafi da shi: luf ya riƙe ƙasa, shi ya yi magana da kalangunsa a sama. Babu madannin da zai iya hango baƙo daga nesa ya tuna taken kakansa.

Idan babu kuɗin saye fa?

Gaskiya ce, da dala ake sayen waɗannan na'urori. SP-404MKII ta fito a kan kusan dala 500, kuma ba kayan da ɗalibi zai tara kuɗin tara ya saya ba ne. Amma mai yiwuwa samfula tana gabanka ba ka sani ba. Fiyanon Yamaha samfurin PSR, wanda a kansa aka gina waƙoƙin fina-finan Hausa kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi bayani a rubuce-rubucensa, wasu daga cikin sababbinsa irin su PSR-E463 da PSR-E473 suna iya ɗaukar ɗan gajeren sauti su maimaita. Na'urorin haɗa waƙa na Pioneer da masu DJ ke amfani da su suna da madannai takwas a kowane ɓangare, waɗanda da yawa ba sa taɓawa sai don sakin hon da sunansu. A waya kuma akwai manhajar Koala Sampler mai madannai 16, wadda ke da bugu-ɗaya da luf da ribas da rukunin kashe-juna. Gilashin waya ba ya jin nauyin yatsa kamar roba, amma ya isa a koyi yanka da jeri da lokaci.

Ga aikin gida ga mai son farawa. Ka ɗauki sautuka huɗu kacal daga cikin gidanku: tafi, bugun turmi, ƙwanƙwasa ƙwarya da murfin tukunya. Ka yi mako biyu kana buga kiɗa ɗaya mai tafiyar uku-uku da su, minti 15 kullum, ba luf, ba rol, ba mai daidaitawa. Sannan ka kira ƙanwarka ko ƙaninka ka buga musu ba tare da ka ce komai ba. Idan ƙafarsu ta motsa, ka wuce darasi na gaba. Idan ba ta motsa ba, ka ƙara mako guda.

Kuma duk makarantar da ke shirin fita yawon buɗe ido a wannan zango, Dutsen Mesa da Dutsen Habude ba su da nisa. A nemi izinin masu kula da wurin, a tafi da waya mai caji, a naɗo muryar dutsen gurbi-gurbi, a dawo a jera ta a kan madannai.